INJIN NIƘA DA RUWA KE JUYAWA: LABARIN MANIƘAR MABRY DA ASARAR DA NA TAFKA

 Rubutun yau ya ɗan yi tsawo, sai a gyara zama.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Da na gama bautar ƙasa, ɗan abin da na tara na zuba shi a kiwon kaji. Ba a jima ba na ga abinci ne ke cinye ribar, kamar yadda kowa a nan ya sani. Sai na ce ai ni na karanta harkar kasuwancin noma, me zai hana in riƙa haɗa abincina da kaina? Na ranto kuɗi na cika, na sayo injin ɓarza mai aiki da lantarki. Ranar da aka sauke shi har hoto na yi da shi.

Aka jona, aka kunna, sai ya yi gurnani ya tsaya. Wutar unguwarmu ba ta da ƙarfin tayar da shi, a ranakun da ta zo ɗin ma ke nan. Na jawo ɗan janaretana, shi ma yana jin nauyin ya shaƙe ya mutu. Wani dattijo mai injin niƙa a kasuwarmu ya zo ya duba mini, ya zagaya injin, ya ce, "Yaro, ƙarfe ka saya. Abin da zai juya ƙarfen fa, ka tanada?" Ban da amsa. Injin ya yi watanni a lulluɓe da tamfol, daga baya na sayar da shi ƙasa da yadda na saya, na ci gaba da biyan bashi.

A cikin waɗannan watannin ne na shiga karance-karance kan yadda mutane ke niƙa kafin zuwan lantarki da man gas. A nan na haɗu da labarin wani maƙeri a ƙasar Amurka wanda ya faɗa irin ramin da na faɗa, shekara ɗari da wani abu da suka wuce, amma ya fita ta wata hanya daban. Sunansa Ed Mabry. Labarinsa na kawo muku yau.

WURIN DA MUTUMIN

A jihar Bajiniya ta Amurka akwai jerin tsaunuka da ake kira Blue Ridge. A kansu akwai ƙaramar hukumar Floyd, kusa da wani ƙauye mai suna Meadows of Dan. Tudu ne mai tsayin kusan mita 900 daga teku, wato bai kai Jos ba amma ya kama hanya. A farkon ƙarni na 20 mutanen wurin ƙananan manoma ne. Masara ce babban abincinsu, da garinta suke gasa gurasar da ake ci kullum. Hanyoyi ba kyau, gari da nisa, lantarki kuwa babu labarinsa. Duk wanda ya noma masara dole ya sami inda zai niƙa ta kusa da gida.

An haifi Edwin Boston Mabry a 1867 a wannan yankin. Tun yana saurayi yana da ɗan injin gyaran katako da ruwa ke juyawa, yana yin kujeru da shi. Daga baya ya tafi ci-rani mahaƙar kwal a jihar Yammacin Bajiniya, ya yi aikin ƙira a can. A 1903 ya dawo gida shi da matarsa Lizzie, da ɗan abin da ya tara da kuma sana'ar hannunsa.

Ku lura da yadda ya jera abubuwansa. Da maƙera ya fara, da gyaran ƙafafun keken doki, sana'ar da ya riga ya iya kuma ba ta buƙatar ruwa mai yawa. Sannan ya kafa zarton yanka katako da dutsen niƙa. Zuwa 1910 ya kammala sashen gaba na ginin, inda ya sa injinan aikin kafinta: mai gyara cibiyar ƙafar keke, mai goge katako, da ƙaramin zarto na yankan ƙira. Shekara bakwai ke nan daga dawowarsa. Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne mai sanyin hali da gaskiya, wanda duk abin da yake buƙata sai ya gwada yi da hannunsa, har da yawancin kayan ɗakinsa.

YAYA RUWA KE JUYA DUTSE?

A nan zan ɗan daɗe, domin in ba a gane wannan ba, ba za a gane wahalar da mutumin ya sha ba.

A jikin ginin daga waje akwai wani ƙaton wili na katako, ya fi mutum biyu tsawo. An kewaye bakinsa da aljihuna kamar ƙananan kwamaye. Ana kawo ruwa ta wani dogon indararo na katako da aka ɗora a kan ƙafafu, ya zo ya zuba a saman wilin. Aljihunan gefe ɗaya su cika su yi nauyi su yi ƙasa, in sun isa ƙasa su zubar, su hau ta ɗaya gefen a wofi. Gefe ɗaya kullum ya fi ɗaya nauyi, shi ya sa wilin ba ya tsayawa muddin ruwa na zuba.

Akwai wani nau'in wilin da ake tsoma ƙasansa a cikin rafi, gudun ruwa ya riƙa tura shi. Wannan ya fi sauƙin yi, amma yana son babban ruwa. A rahoton da ya fitar a 1759, wani injiniya ɗan Ingila mai suna John Smeaton ya nuna yadda ya gwada nau'ukan biyu da ƙananan samfura, ya gano cewa wanda ake zuba wa ruwa ta sama yana ba da kusan ninkin aikin wanda ruwa ke turawa ta ƙasa. Don haka mai ƙaramin rafi a kan tudu, irin Mabry, na sama ne nasa.

Wilin da kansa a hankali yake juyawa, za ka iya bin aljihu ɗaya da ido. Sandar tsakiyarsa ce ke shiga cikin ginin, inda wasu wilika masu haƙora da bel-bel ke ninka saurin har ya isa juya dutse.

Duwatsun niƙa biyu ne, zagayayyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa a kafe yake, na sama ke juyawa. A maniƙu irin waɗannan dutse ɗaya kan kai tan guda. Ana zuba masara a mazurari, tana gangarowa kaɗan-kaɗan ta ramin tsakiyar dutsen sama. A fuskar kowane dutse an sassaƙa layuka daga tsakiya zuwa baki. In na sama ya juya, layukan suna gicciye juna kamar bakin almakashi, su tsarge ƙwayar, su riƙa tura ta waje har ta fito gari. Layukan kuma su ne hanyar iska da ke sanyaya garin.

Duwatsun ba sa taɓa juna. Akwai ɗan tsakani siriri, kuma da wata sanda ake ɗaga dutsen sama ko a sauke shi. In an matse, gari ya fito da laushi. In an sassauta, tsaki ya fito. Mai niƙa yana murza garin da yatsunsa ya ji, sannan hancinsa na aiki, domin in masara ta ƙare duwatsun suka gogi juna zai ji ƙaurin dutse, kuma tartsatsi a ɗakin da ƙurar gari ta cika gobara ce. Bayan wani lokaci duwatsun kan yi sulɓi, sai a ɗaga na sama a kife shi a bi layukan da guduma mai baki. Duk wanda ya ga kakarsa tana kuɗa dutsen niƙa ya san wannan aikin, girma ne kawai ya bambanta.

Yanzu ga lissafin, kuma shi ne zuciyar maganar. Ƙarfin da ruwa ke bayarwa abu biyu ne ke haifar da shi: yawan ruwan da ke zuba a daƙiƙa, da tsawon faɗowarsa. Ka ɗauki litocin da ke zuba a daƙiƙa ɗaya, ka ninka da mitocin da ruwan ke faɗowa, ka ninka da 10. Abin da ka samu shi ne ƙarfin a ma'aunin wat, a ƙiyasce. Misali, lita 50 a daƙiƙa, faɗowar mita 4, ya ba ka wat 2,000. Wili ba ya kama duka, wani ruwan ya fantsama, wani ƙarfin ya tafi a gogayya. A ce kashi 60 cikin ɗari ya isa ga dutse, saura wat 1,200. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Ka ga ke nan lita 50 kowace daƙiƙa, jarka biyu da rabi kafin ka ƙifta ido, abin da za ta ba ka bai kai doki biyu ba.

SHEKARA TARA YANA SAYEN RUWA

To ga inda matsalar Mabry take. Wurinsa a saman tudu yake, inda rafuka ke farawa. A can ruwa bai riga ya taru ya zama kogi ba, 'yan ƙananan ƙoramu ne. Ya gina wili, ya kafa dutse, ya kafa zarto, sai ga shi abin da zai juya su bai isa ba. Wato shi ma ya sayi ƙarfe.

Da ni ne a lokacin, da na ce wilin ne ƙarami, a ƙara masa girma, ko in sayar in huta. Shi kuwa sai ya bi matsalar zuwa tushenta. Tsakanin 1905 da 1914 ya riƙa sayen filayen da ke maƙwabtaka da shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci ba don noma ba, don ruwan da ke cikinsu. Ya haƙa magudanu, ya haɗa indararon katako, ya janyo 'yan ƙoramun nan ya tara su wuri ɗaya su zuba a kan wilinsa.

Ku yi tunanin aikin. Magudana dole ta riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan. In ta gangara da yawa ka yi asarar tsawon faɗowa, in ba ta gangara ba ruwa ya kwanta. Ganye ya toshe, ka share. Katako ya ruɓe ya fara yoyo, ka sauya. Ruwan sama ya yi yawa ya fasa gefe, ka gyara. Lokacin sanyi ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara a jikin wili. Mutane na cewa ruwa kyauta ne. I, ba a sayen sa a gidan mai, amma da ƙashin baya ake biyan kuɗinsa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maƙerar nan da ya fara da ita, da kafintancin, su ne ruwan cikinsa. Suna kawo kuɗi ko ƙorama ta ja baya. Kuma sana'o'in suna ciyar da juna: wanda ya kawo niƙa a kan doki yana jiran layi, ga maƙeri a gefe, sai ya tuna da fartanyarsa da ta karye. Wanda ya zo yanka katako ya taho da buhun masara. Wili ɗaya, wuri ɗaya, ƙofofin samu huɗu.

NIƘAN A HANKALI

Duk da wannan ƙoƙarin, ruwan bai taɓa zama mai yawa ba. An san maniƙar Mabry da cewa mai jinkiri ce. Abin mamaki, wannan jinkirin ne ya yi mata suna. Dutsen da ke gudu da yawa yana zafafa gari har ya ɗan ƙona shi, ɗanɗano ya canza. Nasa da yake a hankali yake tafiya, garin na fita da sanyinsa. Mutane suka riƙa cewa garinsa ya fi daɗi, suka riƙe shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da muke niƙa wa kaji da kifi. Masara ita ce fiye da rabin yawancin abincin kaji da ake haɗawa. A cikin ƙwayarta akwai ɗan tsiro mai mai. Muddin ƙwayar ba ta fashe ba, man a rufe yake. Da zarar an niƙa, iska ta same shi, ya fara lalacewa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Shi ya sa nake ba da shawara uku ga mai kai niƙa kasuwa.

Na farko, in garin ya fito da zafi, kada ka ɗaure bakin buhu nan take. Ka baza shi ya huce. Gari mai zafi a rufaffen buhu yana gumi, gumi ke kawo fumfuna, fumfuna ke kawo gubar da ke hana kaji girma, ta rage ƙwai, ta lalata hanta.

Na biyu, ka ajiye masararka a ƙwaya, busasshiya sosai, ka riƙa niƙa abin da za ka ƙarar cikin ɗan lokaci. Mutanen Mabry ma haka suke yi, buhu ɗaya suke kawowa, in ya ƙare su dawo.

Na uku, ka gaya wa mai inji abin da kake so. Kaza tana da ƙundu, kuma ƙundu na son aiki. Tsaki madaidaici ya fi mata gari mai laushi kamar na tuwo, wanda ke tashi ƙura, ya manne a baki, ya zube a ƙasa. Abincin kifi kuwa akasin haka ne. In za ka murza shi ya zama ƙwaya, sai garin ya yi laushi sosai kafin ya kama jikinsa, in ba haka ba yana shiga ruwa zai wargaje ya ɓata maka ruwan. Abin da Mabry ke yi da sandar ɗaga dutse, shi mai injin ɓarza ke yi da sauya rariya.

LADAN NIƘA

A wancan zamanin tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a hannun manoman tsauni. Don haka da hatsi ake biyan niƙa. Ƙa'idar Bajiniya ita ce mai niƙa ya ɗebi kashi ɗaya cikin takwas. Ka kawo mudu takwas, ɗaya nasa, bakwai naka.

Na daɗe ina juya wannan tsarin a raina. In farashin masara ya tashi, ladansa ya tashi da kansa, ba sai ya yi rigimar ƙarin kuɗi da kowa ba. Manomi kuma ba ya fasa niƙa don aljihunsa ba komai. Sannan mai niƙa yana tara hatsin da zai ci, ya sayar, ko ya ba dabbobinsa. Mai kiwon da ke ƙauye, wanda ke da inji kuma maƙwabtansa manoma ne, zai iya zama ya yi wannan lissafin. Sai dai akwai bambanci babba: Mabry ba ya sayen mai. Kai kuwa gidan mai ba ya karɓar mudu. Dole ka fara sanin nawa man niƙa buhu ɗaya ke ci kafin ka yanke ladan.

YADDA TA TSAYA

Maniƙar ta yi aiki wajen shekara talatin. Abubuwa da dama ne suka taru a kanta.

Tun daga shekarun 1880 manyan masana'antun gari a birane irin Minneapolis suka koma niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa. Suna cire ɗan tsiron nan mai mai, don haka garinsu na daɗewa a kanti bai lalace ba. Da hanyoyi suka gyaru, motoci suka fara hawa tsauni, garin kanti ya iso ƙauye.

Sannan wata annoba ta faɗa wa dajin. Akwai wani itace da ake kira cesnot, mai 'ya'ya masu ɓawo da ake ci. Mutanen tsaunin suna tsintar 'ya'yan su sayar, suna sakin dabbobi da talotalo su yi ƙiba a ƙarƙashinsa, katakonsa kuma ba ya saurin ruɓewa. Wata cutar fumfuna da aka fara gani a birnin New York a 1904 ta bi dajin tana kashe shi, zuwa shekarun 1930 ta kusan gamawa da shi a yankin. Ana cikin haka tattalin arzikin Amurka ya karye daga 1929. Abokan cinikin Mabry suka talauce, matasa suka kama hanyar birni.

Na ƙarshe shi ne jiki. Mabry ya manyanta, lafiya ta yi ƙaranci, aikin ya koma wuyan Lizzie. Magudanun nan da indararon katako ba sa jiran mai ciwo. An ruwaito cewa a shekarunsu na ƙarshe sun koma amfani da ƙaramin inji mai shan kananzir don niƙa. Ed Mabry ya rasu a 1936. Ginin ya fara lalacewa.

Abin da ya ceci wurin titi ne. A 1935 gwamnatin Amurka ta fara gina wata doguwar hanyar shaƙatawa a kan tsaunukan, mai suna Blue Ridge Parkway, tsawonta mil 469. Hanyar ta bi ta gefen maniƙar, wajen mil na 176. Hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi ta karɓi wurin a 1938, ta gyara shi a 1942. Yau yana cikin wuraren da aka fi ɗauka hoto a duk tsawon hanyar.

HOTON DA GASKIYAR

In ka nemi hoton maniƙar Mabry a intanet za ka ga tsohon gini na katako, ga wili, ga wani tafki a gabansa yana nuna inuwarsa, ga wata bukkar gungume a kusa. Sai ka ce wannan mutum ya ji daɗin duniya.

To tafkin nan ba na Mabry ba ne. Masu tsara wurin ne suka haƙa shi don hoto ya yi kyau. Bukkar ma ba tasa ba ce, daga wani wuri aka ɗauko ta aka kafa. Shi gidan bene na katako ya gina wa kansa da matarsa, amma masu gyaran suka rushe shi, domin bai yi kama da tsohon zamanin da suke son nuna wa baƙi ba.

Da na karanta wannan sai na yi dariya, na tuna hoton da na ɗauka da injina ranar da aka kawo shi. Duk wanda ya ga hoton nan zai ce yaron nan ya kafu. Haka muke ganin gonakin mutane a Facebook, kaji fari fat, kifi na tsalle, inji na sheƙi. Ba mai ɗora hoton magudanar da yake sharewa da asuba, ko takardar bashin mai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

KO ZA MU IYA YIN IRINSA A NAN?

Na san wani zai tambaya, don haka bari in amsa tun yanzu. A yawancin ƙasar Hausa, a'a. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsawon faɗowa, kuma rafukanmu na damina ne. Lokacin da masara ta bushe ake neman niƙa, lokacin ne rafi ya zama yashi. Shi ya sa iyayenmu mata suka riƙe turmi da dutsen niƙa har zuwan injin gas. Sai wurare masu tuddai da ruwa mai ɗorewa, irin tsaunukan Filato da Mambila, nan ne lissafin zai iya fita.

Wani kuma zai ce, ruwan da nake zubarwa daga tafkin kifina fa? Ko wanda ke saukowa daga tankin burtsatse? Mu koma lissafinmu. A ce lita 1 a daƙiƙa, daga tanki mai tsayin mita 5. Wat 50 ke nan, kafin a cire asara. Ƙwan fitila zai kunna, ba dutsen niƙa ba. Kuma ka tuna da famfo ka ɗaga ruwan nan sama, ƙarfin da ka kashe wajen ɗaga shi ya fi wanda zai dawo maka da shi. Ruwan tafkin kifi amfaninsa a lambu yake, domin taki ne. A kai shi ga alayyafo da tumatir.

Abin ɗauka a labarin nan tsarin tunanin ne. Kafin ka sayi inji, ko na ɓarza ne, ko na murza abincin kifi, ko na ƙyanƙyasar ƙwai, ko famfo, ka zauna da biro da takarda ka amsa waɗannan:

1. Ƙarfin doki nawa ne injin, kuma me zai juya shi? Ka karanta ɗan allon da ke jikin motar injin. Ka sani cewa lokacin tayarwa tana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ja in ta kama gudu. A nan ɗan janaretana ya mutu.

2. A watan da ya fi kowane tsanani, awa nawa za ka samu wannan ƙarfin? Mai maniƙar ruwa da rani yake auna ƙorama, ba da damina ba. Kai ma ka auna wutarku a lokacin da ta fi rashin tabbas. Mai kifi ya auna rijiyarsa a watan Afrilu: ya ɗauki jarka mai lita 20, ya duba daƙiƙa nawa take cika, ya sake dubawa bayan famfo ya yi awa guda yana aiki.

3. Kajinka ko kifinka sun kai yawan da za su riƙe inji? In buhu biyu kake niƙawa a mako, kai wa mai inji ya fi maka arha. In kuwa za ka saya, wa kuma za ka yi wa niƙa don injin ya biya kansa?

4. In ya lalace wa zai gyara, kuma in kai ka kwanta wa zai tayar da shi? Maniƙar Mabry ta yi ƙarfi ne muddin bayan Mabry na da ƙarfi. Ka koya wa wani a gidanku tun kana lafiya.

Ni dai yanzu kasuwa nake kai niƙa, wajen dattijon nan da ya kira ni yaro. Ina tsayawa a kansa in murza tsakin da yatsuna, in na dawo in baza shi a tabarma ya huce. Ina tara kuɗin wani injin, amma wannan karon sai na gama da maganar abin da zai juya shi tukuna.

Wanda a cikinku yake da inji a lulluɓe da tamfol, ko wanda ya sami mafitar da ta yi masa aiki, ya ba mu labari domin na baya su amfana. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.